Tarihin Igiya a Ƙasar Kurfai

Mai karatu, ɗaga kai ka dubi gidanka. Da me aka ɗaure jinkar ɗakinka? Me ya riƙe tankar rumbunka? Da me aka ɗaure akuyarka a turke? Me ya kai guga cikin rijiya ya fito da ruwan da ka sha yau da safe? Amsar duka guda ce: igiya.

Igiya ba ta da tsada kamar doki, ba ta da kyau kamar zanen biki. Shi ya sa ba a cika ba da labarinta ba. Amma duk wanda igiyar gugansa ta taɓa tsinkewa da tsakar rani, ga shanu na kuka a bakin rijiya, ya san darajarta. Yau za mu ba ka tarihinta: inda ta fito, yadda kakanninmu na Kurfai suka yi ta, da abin da ya same ta a zamanin nan.

Igiya ta girmi garuruwa

Tun ɗan Adam bai san noma ba ya san tufka. A shekara ta 2020 masu bincike suka ba da labarin wani ɗan guntun igiya da aka tono a bakin wani kogo, a kudancin ƙasar Faransa. Tsawonsa bai wuce na ƙwayar wake ba. Da suka auna shekarunsa, sai suka ga ya haura shekara 40,000. Da ɓawon itace aka yi shi, sili uku, an murza kowane sili sannan aka haɗa su. Wato irin tufkar da tsofaffinmu ke yi a gindin itace.

A ƙasar Masar ma haka. A shekara ta 1954 an tono wani babban jirgin ruwa na wani Fir'auna mai suna Kufu. Tsawon jirgin mitir 43 ne, shekarunsa wajen 4,500. Ba a buga masa ƙusar ƙarfe ba. Da igiyoyin ciyawa aka ɗinke katakansa. Mutanen Masar na dā sun san goriba kamar yadda muka san ta. Suna cin ƴaƴanta, suna saƙa da tufka da kabarta.

Ka ga ke nan sana'ar nan ba ƙarama ba ce. Ta girmi sarauta, ta girmi kasuwa, ta girmi rubutun da kake karantawa yanzu.

Kwarin da ya ba mu kaba

Filinge tana wajen kilomitir 180 daga Yamai, arewa maso gabas. Tana cikin babban kwarin da ake kira Dallol Boso. Dubban shekaru da suka wuce kogi ne ke gudu a kwarin nan. Yakan taso daga Azawak, ya gangara kudu har ya faɗa kogin Kwara a Bumba. Kogin ya ƙafe tun da daɗewa, amma ya bar ruwa a ƙarƙashin rairayi. Goriba kuwa tana son wurin da saiwarta za ta iske ruwa. Shi ya sa take yawa a cikin kwari, ba ta yawa a kan fako.

Tarihin baka ya ce kakannin Kurfayawa daga wajen Adar suka taso, suka zo suka kafa garuruwa irin su Shikal. Maƙwabtansu su ne Zabarmawan Tondikanja, da Bugajen Imanan da na Tagazar, da Filani masu kiwo. Harshe ya bambanta, al'ada ta bambanta, amma kowa da igiyarsa.

Kafin a kafa gari sai an gina rijiya. Kafin a gina rijiya kuwa sai an tufka igiya. Da ita ake zura mai gini, da ita ake fitar da ƙasa, da ita ake fito da shi in ya gama. Ransa yana hannun Allah, yana kuma hannun wanda ya tufka igiyar. Saboda haka ba a ba yaro ko mai gaggawa wannan aiki.

A cikin kwari ruwa yana kusa. A kan tudu yana da nisa. Akwai rijiyoyin da zurfinsu ya haura gaba 30, wato sama da mitir 50. Irin waɗannan ba a jan wasakinsu da hannu. Raƙumi ko sa ko jakai ke ja, yaro yana kora su. In ka je tsohuwar rijiya, dubi itatuwan bakinta. Za ka ga gurabe masu zurfi kamar an sassaƙa. Ba masassaƙi ba ne. Igiyoyin kakanni ne suka ci itacen, shekara da shekaru.

Abubuwan da ake tufkawa

Kakanninmu ba su san igiya iri ɗaya ba. Kowane aiki da irin tasa.

Ta farko ita ce igiyar kaba. Ana yanko ganyen ƙaramar goriba, a shanya, a tsaga shi siri-siri, a jiƙa ya yi laushi, sannan a tufka. Ita ce igiyar yau da kullum: ta guga, ta ɗaure bisashe, ta ɗaurin kaya a kan jaki.

Ta biyu igiyar rama. Ana shuka rama a gefen gonar hatsi. Ganyenta na ci ne, karanta na igiya. In kaka ta yi sai a yanke ta, a ɗaure dami-dami, a nutsa cikin tabki kwanaki har ɓawon ya saki. Sai a ɓare, a wanke, a shanya. Igiyar rama fara ce, mai laushi, ba ta cin wuyan dabba. Da ita ake ragama da dabaibayi.

Ta uku igiyar kuka. Ana yanka ɓawon gindin kuka, a ɓamɓaro, a bubbuge shi har zaren ciki ya fito. Allah ya yi kuka da wata baiwa: in ba a wuce kima ba, ɓawonta yana sake tohowa. Shi ya sa kake ganin tsofaffin kukoki da tabo kewaye da gindinsu.

Ta huɗu ɓawon kalgo. Shi ba ya bukatar dogon aiki. Manomi na iya ɓare shi a nan gona ya ɗaure itace, ko darni, ko tankar rumbu.

Ta biyar ita ce kiri, wato igiyar fata. Ana ɗaukar fatar sa ko ta raƙumi, a fara yanka daga baki ana kewayawa, har a kai tsakiya. Fata ɗaya sai ta ba da tsiri mai tsawon gaske. A jiƙa, a murɗa, a miƙe tsakanin itace biyu ta bushe, a shafa mata mai. Makiyaya sun fi kowa iya wannan.

Ko sunayen igiya sun isa su nuna maka matsayinta. Ta raƙumi akala. Ta doki ragama. Ta maruƙa dangwali. Ta baka tsirkiya. Ta ƙafar jaki dabaibayi ko tarnaƙi. Har aure ma Bahaushe ya ce igiya uku gare shi.

Asirin tufka

Kayan aikin mai tufka ba su da yawa: wuƙa, ƙwaryar ruwa, turke, da ɗan sanda. Sauran duk jikinsa ne. Tafin hannu ke murzawa, cinya ce faifan murza, babban yatsan ƙafa ke riƙe bakin igiya.

To me ya sa igiya ba ta warwarewa? Ga dalili. In ka murza sili ɗaya ka sake shi, zai warware. Amma in ka murza sili biyu, kowanne zuwa dama, sannan ka naɗe su da juna zuwa hagu, sai su kama juna. Kowane sili yana son ya warware, ɗan'uwansa yana hana shi. In ka murza dama kuma ka naɗe dama, ka yi tufka da warwara.

Abu na biyu shi ne ƙari. Ganyen kaba gajere ne, igiya kuwa doguwa. In sili ya kusa ƙarewa sai a sa sabo a jikinsa a murza su tare. Gwani ba ya yin ƙarin sili biyu a wuri ɗaya. Yakan bar tazara tsakaninsu. In ƙari biyu suka haɗu, nan igiya za ta tsinke.

In ana son igiya mai kauri sai a ƙara sili na uku. Ko kuma a ɗauki ƙananan igiyoyi uku a ɗaure a gindin itace, mutum uku su riƙe, kowa yana murɗa tasa da ɗan sanda, wani yana bi yana haɗawa. In an gama sai a ja ta da ƙarfi, a goga ta a jikin itace, ta zauna. Ka tuna kuma tufka tana cin tsawo. Wanda ke son igiya gaba 20 sai ya tanadi sili da ya fi haka.

Su wa ke tufka?

A ƙauye, duk namijin da ya isa riƙe gida ya iya tufka. Aikin rani ne, bayan an kai hatsi rumbu. Dattawa kan zauna a inuwa, baki na hira, hannu na aiki. Yara na zaune kusa suna tsaga kaba. Ba wanda ya ce musu ga darasi, amma a nan suke koyo. Mata kuwa su ke saƙar tabarma da faifai da kabar nan, suna kuma murza ƙananan igiyoyi na ragaya da na ɗaurin kayan ɗaki.

A manyan biranen Hausa irin su Kano, tufka ta zama sana'ar makafi tun da daɗewa. Aiki ne da yatsu ke gani, ba ido ba. Makaho mai tufka yana ci da kansa, yana ci da iyalinsa. Haka tsohon da ƙarfinsa ya kasa riƙe hauya. Da kuɗin igiya yake sayen goro da gishiri, ba ya miƙa hannu ga kowa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Igiya a kwanakin wuya

Ba kowane aikin igiya ne mai daɗin faɗa ba. A zamanin yaƙe-yaƙe da hari, kafin zuwan Turawa, da ita ake ɗaure mutanen da aka kama, a kai su inda ba za su sake ganin gida ba. Igiyar da ta ba wani ruwa ita ta raba wani da uwarsa.

Turawan Faransa sun kafa barikinsu a Filinge, kuma a shekara ta 1901 suka naɗa Mayaƙi Gado Namalaya sarkin kanton Kurfai. Daga nan aka shiga biyan haraji da aikin tilas. Babu motoci tukuna. Kaya a kan mutum suke tafiya, ko kan jaki, ko raƙumi, kowane ƙunshi da igiyarsa. A shekara ta 1926 aka maido babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai, aikin hanya da na gine-gine ya ƙaru a kan talakawan yamma. Sai a shekara ta 1946 aka soke aikin tilas.

An yi yunwa mai tsanani a 1913 da 1914, wadda Hausawa da yawa ke kira Kakalaba. An sake yin wata a 1931, bayan fara ta cinye hatsi a yammacin ƙasar nan. A irin waɗannan shekaru goriba takan zama uwa. Ba ta mutuwa don damana ɗaya ta ƙi. A ci ƴaƴanta, a tufka kabarta, a kai kasuwa a samo ko mudu ɗaya.

Zuwan igiyar roba

A shekara ta 1935 wasu masana a Amurka suka ƙago zaren da ake kira nailan. Ba daga tsiro yake fitowa ba, a masana'anta ake haɗa shi. A 1954 aka ƙago wata robar a Italiya, daga man fetur. Da irinta ake yin igiyoyin nan shuɗi da kore da kake gani a kasuwa, da buhunan taki da na shinkafa.

A ƙasarmu ma abubuwa suna ta sakewa. A 1954 aka kafa gidan kiwo na Tukunus, arewa da Filinge, don kyautata irin shanun Azawak. A 1960 muka sami mulkin kai. A 1963 gwamnati ta kafa ma'aikatar OFEDES, ta shiga gina rijiyoyin siminti a ƙauyuka. Matasa masu zuwa cin rani Kumasi da Ankara da Legas suna dawowa da kayan kanti. Gugan fata ya ba gugan robar taya wuri. A hankali igiyar nailan ta hau kan rijiya.

Ba za mu ɓoye gaskiya ba: igiyar roba tana da amfani. Ba ta ruɓewa a ruwa, gara ba ta cin ta, ta fi kaba daɗewa a rijiya mai zurfi. Matan da ke jan ruwa sun san haka.

Amma tana da nata aibi. Rana tana cin ta, sai ta yi gari-gari ta tsinke ba sallama. Tana da santsi, ƙulli ba ya zama da kyau. In dabba ta fizge, takan ƙone hannu. In ta tsufa ba ta zama taki. Guntayenta suna zube a gona, akuya ko saniya ta haɗiye, su taru a tumbi, dabba ta rame ta mutu. Mahauta sun sha ganin haka.

Babban aibinta kuwa shi ne kuɗi. Kaba a daji take, roba a kanti. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada dare ɗaya. A 2019 Nijeriya ta rufe iyakarta fiye da shekara guda. A 2023 aka sake rufe ta wata da watanni. Duk ran da hanya ta rufe, wanda bai iya tufka ba sai ya jira. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Duk da haka hannun mutanenmu bai manta ba. Da buhunan roba suka yi yawa, sai dattawa suka shiga warware tsofaffin, suna tufka zarensu kamar yadda suke tufka rama. Wasu da tsohon gidan sauro suke yi, wasu da tsumma. Kaya sun sake, tufka tana nan yadda take.

Goriba tana neman taimako

Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun kashe bisashe da itatuwa da yawa. Mutane sun ƙaru, gonaki sun faɗaɗa. Wanda hatsinsa bai kai ba sai ya faɗa wa kaba. Ga abin da ke faruwa: in ana yanke ganyen ƙaramar goriba kowace shekara, ba a bar mata ko ɗaya ba, ba za ta taɓa yin tsawo ba. Za ta zauna kaba har abada. Wadda ba ta yi tsawo ba kuwa ba ta ƴaƴa. In tsofaffin suka faɗi, babu masu gadonsu.

Dokar daji ta 1974 ta sa goriba da kuka da giginya da gawo cikin itatuwan da aka hana sarewa ba da izini ba. Amma doka ba ta kwana a gona, manomi ke kwana. A ƙasar Maraɗi akwai kwarin da ake kira Gulbin Kaba, saboda yawan kabarsa. Manoman jihar nan sun ga itatuwansu na ƙarewa. Tun daga 1983 suka fara abin da ake kira sassaben zamani. In suna sharar gona, ba su sare kowane toho. Sukan zaɓi masu ƙarfi su bari, su gyara su, su tsare su. Dabarar ta bazu har Damagaram da Tawa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta maido da itace wajen miliyan 200 a gonakin Nijar. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba. Abin da aka yi a Maraɗi ana iya yin sa a Luma da Shikal da Tunfalis.

Abin da ya rage gare ka

Mai karatu, ba mu ce ka jefar da igiyar nailan ba. Kowace igiya da wurinta. Ga dai shawara biyar.

Ta 1: A kowane kurmin kaba na gonarka, zaɓi ɗaya ko biyu ka bar su su yi tsawo. Ka gaya wa iyalinka kada a taɓa su. In za a yanki sauran, a bar musu ganyen tsakiya.

Ta 2: Damana mai zuwa ka shuka layin rama a gefen gona. Za ka sami miya, za ka sami igiya.

Ta 3: In za ka ɓare kuka, kada ka ɓare wuri ɗaya shekara biyu a jere. Ka bar ta ta warke.

Ta 4: Kafin a zura mutum rijiya, a bi igiyar da hannu gaba-gaba, daga farko har ƙarshe. In an ga wurin da ya ci, a sake ta. Igiyar guga kuma a rataye ta, kada a bar ta cikin taɓo da kashin bisashe. Dattin da ta kwasa cikin ruwan shanku yake komawa.

Ta 5: In ka je kasuwar Filinge ran Lahadi ka ga tsoho ko makaho da igiyoyinsa, ka saya. Kuɗinka bai bar ƙasar Kurfai ba, kuma ka taimaki mutum ya riƙe mutuncinsa.

Akwai sauran aiki ɗaya, kuma na wanda ya iya rubutu ne. A garinku akwai dattijon da ya fi kowa tufka. Ka je ka gaishe shi, ka tafi da ɗanka da littafinka. Ka ce: "Baba, koya mana." Yaro ya riƙe sili, kai ka riƙe alƙalami. Ka rubuta sunan kowace igiya, da abin da ake yin ta da shi, da watan da ake yankan sa. Ka tambaye shi wa ya gina tsohuwar rijiyar garinku, gaba nawa ce, wa ya tufka igiyarta. Abin da ka rubuta ka kai wa malamin yaƙi da jahilci, a karanta wa ƴan aji, a aiko mana mu buga, mutanen wasu garuruwa su ji.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana rijiyoyinmu da bisashenmu. Amin.